Tsutsar Haƙorin Uwani

Katanga ɗaya ce ta raba ɗakina da makarantar firamaren unguwarmu, saboda haka duk abin da aka koya wa yara ni ma sai an koya mini, ko ina so ko ba na so. Rannan da hantsi ina zaune a bakin ƙofa ina jiƙa burodi cikin shayi, don haƙoran da suka rage mini ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sai na ji makarantar ta ɗau sowa. Na leƙa ta inda katangar ta zube. Wasu ma'aikatan lafiya ne mata su uku, sun tara yara a gindin mangwaro, ɗayarsu ta ɗaga wani ƙaton baki na roba tana goga masa buroshi, yara suna amsa mata: sama da ƙasa, ciki da waje. Can sai na ji ta ce da su, "Kada wani ya yaudare ku, babu tsutsa a cikin haƙori." Shayin nan ban ƙarasa shi ba. An taɓa faɗin wannan magana a garin nan tun ba a haifi waɗannan mata ba, kuma ni ne na toshe bakin wadda ta faɗe ta. A kan haka na lalata fuskar 'yar yayana, Uwani, wadda har yau take durƙusawa ta gaishe ni. Shekara da shekaru ina karɓar gaisuwar nan ban taɓa gaya mata gaskiya ba, ga shi kuwa kabari ya matso.

Mu a bakin titin jirgi muka tashi. Aikin shimfiɗa titin ne ya kawo kakanmu Minna daga arewa, bai sake komawa ba. Abin da ke tashin mu da safe jiniyar jirgi ce, sai ƙarar bokitai a famfon tasha, sai tarin kakarmu. Tsohuwar nan ba ta san boko ba, amma babu wanda ya isa ya taɓa koko a gidanta bai wanke baki ba. Aikinmu ne mu yara mu je bayan tasha mu karyo rassan dogon yaro, mu yayyanka su asuwaki, mu zuba a wata tsohuwar tasa da ke bakin randa. Ran Juma'a kuwa gawayi take daka mana da gishiri, a lakata da yatsa a dirje har dasashi ya yi zafi. In ka ce ka gama sai ta kama haɓarka ta ce, "Hura mini." In ta ji tsami, ka koma. Takan ce bakin da zai gaida mutane da safe, shi ya kamata a fara gaisarwa da ruwa. In yaro ya fara famfara sai ta sa shi ya jefa haƙorin bisa rufin ɗaki, ya kuma rufe bakinsa kada ƙadangare ya ga giɓin, wai in ya gani sabon ba zai fito ba. Haka za ka gan mu muna yawo hannu a baki, da mun hango jan gwada a bango mun ruga. Zaƙin da muka sani rake ne da goruba da ɗinya, sai mazarƙwaila in an yi baƙo. Alewa kuwa sai ka yi sati kana mafarkinta.

Yanzu fa? Yaro bai gama buɗe ido ba an cusa masa biskit. A ƙofar makaranta tire-tire ne na alewa mai launi iri-iri, a kora da lemon kwalba. Ina ganin su suna wucewa, yaron da ko famfara bai yi ba haƙoransa sun yi baƙi kamar masarar da aka manta a wuta. Uba ya fita nema tun asuba, uwa tana fama da nata, babu tsohuwar da za ta kama haɓa ta ce hura mini. Amma ba ni da bakin zagin zamani. In an tashi faɗin abin da ya ɓata bakin yaran garin nan, kafin a zo kan alewa sai an bi ta kaina.

Aji huɗu na bar makaranta. Yayana tela ne, ya zaunar da ni a gaban keke na kasa, don ɗinki yana son haƙuri ni kuwa ba ni da shi. Ina saurayi, gemu ya fara tsirowa, wani mai magani ya sauko daga jirgi ya kwana biyu a zaurenmu. Shi ya nuna mini cire tsutsar haƙori. Abin ba wuya. Ka samu busassun 'ya'yan gautan kura, ka cuɗa su da ɗan man shanu. Ka sa ƙaramin kasko mai garwashi a tsakiyar tasa mai ruwa, ka zuba su a kai, ka kifa mazurari, mai ciwo ya kafa baki yana zuƙar hayaƙin. Da zafi ya taɓa 'ya'yan gautan sai su fashe, wani ɗan farin abu mai lanƙwasa ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Shi ke nan, ka ɗaga tasa ka zagaya da ita: ga tsutsa, jama'a, kowa ya gani da idonsa. Hayaƙin yakan kashe baki na ɗan lokaci, sai mutum ya tashi yana sa maka albarka. Tun ranar farko na san ƙarya ce, don mutumin da kansa ya gwada mini ba tare da bakin kowa ba, muna ta dariya. Ba zan fake da jahilci ba. Na sani.

Na ci kasuwar Kuta da wannan sana'a, na ci ta Garatu. Ranar da babu kasuwa sai in shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar da ke daura da makaranta, don haƙorin yara ya fi saurin yin kogo, uwa kuma ba ta iya jure kukan ɗanta. Har kirari ina da shi: "Haƙuri maganin zaman duniya, ni kuma maganin haƙori!"

Ana nan sai aka kawo wata malama makarantar, 'yar Bida, siririya, ba ta da hayaniya. Ita aka ba darasin tsabta. Kowace Litinin da safe sai ta jera yara a fili, kowa ya buɗe baki ta duba ɗaya bayan ɗaya, wanda ta ga kogo a haƙorinsa ta rubuta wa iyayensa takarda. Ba ta ce sai an sayi buroshi ba, don ta san gidajen da yaran suka fito. Asuwaki ta ce, da safe da kuma kafin a kwanta, a kuma kuskure baki in an sha zaƙi. Ta gaya musu sauran abinci ne ke maƙalewa ya yi tsami ya ci haƙori, babu wata tsutsa. Hausarta irin ta rabin mutanen garin nan ce, wadda aka koya a kasuwa da wajen aiki: mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, kuma ba ta iya cewa haƙori, sai dai hakori. In yaro ya yi kuka a layi sai ta shafa kansa ta ce, "Yi hakuri, bude hakori." Nan na samu makama. Na laƙa mata Malama Hakori-Hakuri. In ta zo wucewa sai in ɗaga murya ina kwaikwayon ta, 'yan zaman kashe wando suna ƙyaƙyatawa. Ba ta taɓa waiwayowa ba. Kafin wata ya ƙare sunan ya bi gari, har iyayen yara da shi suke kiran ta.

Uwani sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa ba ma faɗin sunanta na yanka. Tana aji uku a lokacin, mai wushirya, mai surutu kamar kanari, in ta yi dariya har maƙwabta sai sun sani. Ta fi shaƙuwa da ni a kan ubanta, ni nake yo mata tsarabar alewa in na dawo daga kasuwa. Wata rana ta taso daga makaranta ta tsuguna a gefen tabarmata.

Ta ce, "Baffa, in tambaye ka?"

Na ce, "Tambayi, uwata."

"Yau Malama ta kawo kasko aji, ta ƙona 'ya'yan gauta irin naka. Ba wanda ya sa baki fa. Amma tsutsa ta faɗo cikin ruwa, da yawa ma. To daga haƙorin wa ta fito?"

Akwai mutum biyu a zaune suna jira na. Na yi dariyar yaƙe na ce, "Daga na Malamar taku mana. Ba a kan kaskon take magana ba?"

Mutanen suka fashe da dariya. Uwani ta dube ni, ba ta yi dariya ba, ta ɗauki jakarta ta shige gida. Tun daga ranar yara suka riƙa wucewa ta gabana suna cewa "Babu tsutsa!" su sheƙa da gudu. Masu zama a tabarmata suka fara raguwa. Na ɗauki gaba da matar da ko sau ɗaya ba ta taɓa ambaton sunana ba.

Ba a yi wata biyu ba haƙorin taunar Uwani na ƙasa ya yi kogo, irin wanda ba ya famfara. Malama ta gani ran Litinin ta ba ta takarda. Yaya bai yi boko ba, ni ya miƙa wa. Da idona na karanta: a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba. Na naɗe takardar na ce masa, "Wai a riƙa ba ta asuwaki." Ya ce, "Yo shi ne har da takarda?" ya ci gaba da ɗinkinsa. Da Malama ta ga kwana uku shiru, sai ta tako da ƙafarta bayan la'asar. Zaure a cike, Yaya yana kan keke, ga maƙwabcinmu wanzami, ga masu jiran ɗinki. Ta yi sallama ta cire takalmi, ta tsaya daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Baban Uwani, na zo a kan yarinya ne. Hakorin shi ya rube sosai, ya kai ciki. A kai shi asibiti gobe a cire. In an bari zai kumbura."

Yaya ya tsayar da keke ya dube ni. Ya ce, "To kai me ka gani? Kai ne mai sana'ar."

Wallahi a daidai lokacin nan ba haƙorin Uwani ne a raina ba. Abin da na hango shi ne a riƙo hannun 'yar gidanmu a wuce da ita ta gaban tabarmata zuwa asibiti, gari yana kallo. Wa zai sake zama a gabana?

Na ce, "Yaya, wadda ba ta san Uwani mace ce ko namiji ba, ita za ta san abin da ke cikin bakinta? A kai shi, a kai shi, wane shi? Ta fara koyon faɗin haƙori tukuna, sannan ta zo ta koya mana gyaransa."

Wanzami ya tuntsire da dariya har da bugun cinya, yana cewa, "Kai, Allah ya shirye ka!"

Malama ta juyo ta dube ni, karo na farko tun zuwanta garin. Ta ce, "Malam, ka zage ni, ba komai. Hausa na ba kyau, na sani. Amma ni da kai mun san abin da ke cikin kasko. Yaron gidanku ne fa."

Maimakon wannan magana ta karya ni, sai ta ƙara mini taurin kai. Na ce a kira Uwani, yanzu kowa zai gani. Na hura garwashi nan a zaure. Ta fito hannu a kunci, idonta ya yi ja don kuka. Na ce, "Zo, uwata, buɗe mu kunyata masu takarda." Ta dubi Malama. Ta dubi mazan da suka cika zaure. Ta dube ni. Sannan ta durƙusa ta kafa bakinta a mazurari. Da na gama na ɗaga tasa na zagaya da ita, na ƙare da kai ta har hancin Malama. Ba ta kalla ba. Ta sa takalminta ta ce, "Allah ya ba shi lafiya," ta tafi.

Washegari ciwon ya dawo fiye da na da. Na je garejin wani bakanike na samo ruwan batir a murfin kwalba, don na ji ana cewa yana kashe haƙori. Na jiƙa auduga na danna mata a kogon. Ihun da ta yi har yau in mota ta ci birki sai na ji shi. Daga nan ciwon ya mutu, aka yi ta yaba mini. Kwana huɗu kunci ya kumbura, kumburin ya sauka wuya, zazzaɓi ya rufe ta, bakin ya ƙi buɗuwa har cokali ba ya shiga. Ina nan ina cewa dafin tsutsar ne, zai saɓe. Sai da aka yi sati. Uwarta ce ta goya ta, ƙatuwar yarinya ƙafafunta suna reto, ta nufi asibiti ba ta nemi iznin kowa ba. Likitoci suka ce mugunya ta ci ƙashi. Aka yanka, aka ɗebe abin da ya ruɓe. Ta shiga da farkon damina, ba ta fito ba sai da aka fara cin sabuwar doya. Ta dawo muƙamuƙinta ya lotsa ta gefe ɗaya, bakin ya ja ya karkace.

Da nan na tsaya da sauƙi. Amma da mutane suka fara tambayar abin da ya jawo haka, sai na ce wa ya san abin da Malamar nan take taɓa bakin yara da shi kowace Litinin? Magana ɗaya na yi a majalisa, gari ya ƙarasa sauran. Iyaye suka yi gayya suka je wurin shugaban makaranta. Aka hana duba baki. Ba a jima ba aka mayar da ita wani ƙauye can gaba da Kuta. Na hango ta ranar tafiyarta a tashar mota, tana zaune a kan akwatinta, na kauce ta bayan rumfuna don kada mu haɗa ido.

Uwani ta koma makaranta sati biyu ta ce ba za ta ƙara ba, yara suna kwaikwayon bakinta kamar yadda suka ga babba yana kwaikwayon na malamarsu. Dariyar nan da maƙwabta suka sani ta ƙare. Ta koyi riƙe gefen mayafi a kunci, har yau haka take magana. Ni kuwa na naɗe tabarma na koma sayar da goro, mutane suka ɗauka gajiya na yi. Yaya har ya rasu yana cewa, "Ka yi iya ƙoƙarinka, ƙaddara ce." Ina amsa masa da haka ne. Yara nawa suka bi ta makarantar nan bayan haka ba wanda ya ce su buɗe baki, Allah kaɗai ya sani. Masu sana'ar tawa kuwa ba su ƙare ba, yanzu ma lasifika suke ɗaurawa a mota suna bin unguwanni, kirarinsu ya fi nawa daɗi.

Kashegarin ranar da na ga ma'aikatan lafiyar nan na tari Keke Napep na ce a kai ni unguwar Barkin Sale. Can Uwani take aure, ita ma yanzu da jikokinta. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta yi maza ta durƙusa.

"Baffa, da kanka? Ai da ka aiko na zo."

Na ce, "Zauna, uwata. Yau ni ya kamata in durƙusa."

Na gaya mata duka, takardar da na karanta na juya, da kaskon, da ruwan batir, da maganar da na jefa a majalisa. Ban rage komai ba. Tana ji tana ɓarar gyaɗarta, ba ta ɗago ba sai da na yi shiru.

Ta ce, "Baffa, ai ni na zo maka da labarin kaskon. Ka manta? Na san babu tsutsa tun kafin in shigo zauren nan."

Na ce, "To don me kika buɗe bakin?"

"Zaure cike da mutane. In na ƙi, kai za a yi wa dariya."

Na rasa inda zan sa idona. Yarinya 'yar aji uku ta ba da fuskarta don ta rufa wa gardi asiri, gardin kuwa ya karɓa bai ko waiwaya ba. Na ce ta yafe mini don Allah.

Ta ce, "Nawa na yafe tun Baba yana da rai, ba na son in tsaya da kai gobe a gaban Allah. Amma ba ni kaɗai ka taɓa ba. Na Malama ba a hannuna yake ba."

Na ce, "Ya sunanta? In je Bida in nemi danginta, ko kabarinta ne a nuna mini."

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗa. Ta daɗe tana tunani, leɓenta yana motsi. Can ta ce, "Wallahi Baffa ya ɓace mini. Wanda ka sa mata ne kawai yake zo mini."

Na je makarantar, suka ce tsoffin takardu gara ta cinye. Na bi tsofaffin unguwa da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya tuna ta sai fuskarsa ta washe ya ce, "Au, Hakori-Hakuri!" har yanzu da 'yar dariyarsu. Ban ma san ko lafiya zan roƙa mata ko rahama ba. In na idar da salla na ɗaga hannu na ce ya Allah, Malama, sai in yi maza in rufe bakina, don harshen nan har yau nema yake ya ƙarasa da sunan da ya saba.